Yadda Ake Ziyartar Garuruwan Masu Sana'a a Meziko, a Dawo a Tsara Zanen Ado Na Kai

Duk wanda ya kalli hotunan titunan Oaxaca ko bangayen Puebla, launi ne yake fara ɗaukar masa ido: ruwan hoda mai ƙarfi a gefen shuɗi, rawaya a jikin ja, furanni manya-manya a kan baƙin karammiski. A nan ne masu zane da yawa suke tsayawa, su ɗauka cewa sirrin adon Meziko shi ne a tara launuka masu ƙarfi wuri guda, a yayyafa musu furanni da tsuntsaye. Abin da yake fitowa daga wannan tunani hargitsi ne wanda babu wani gari a Meziko da zai ce nasa ne. Ƙasar tana da harsunan asali 68 da hukuma ta amince da su, jihar Oaxaca kaɗai tana da ƙananan hukumomi 570, kuma kusan kowane zane da ake gani a hoto yana da garinsu, yana da masu shi, yana kuma da kayan aikin da suka tilasta masa ya zama yadda yake. Wannan bayani na mai zane ne, da tela, da mai surfani, da mai buga yadi, wanda yake son ya je ya koyi ƙa'idar da ke ƙarƙashin waɗannan ayyuka, sannan ya dawo ya gina nasa a kanta.

Mataki na farko: zaɓar hanya da lokaci

Meziko ƙasa ce mai faɗi, kuma wanda ya ce zai ga komai a tafiya ɗaya zai dawo da hotuna masu yawa da ilimi kaɗan. Hanyar da ta fi dacewa da mai neman zane ita ce a sauka a Birnin Meziko, a wuce Puebla, a ƙarasa Oaxaca, wadda ake furtawa Wahaka. Tsakanin babban birnin da Puebla tafiyar kamar awa biyu ce a bas daga tashar TAPO, kuma motocin kamfanin ADO suna bin wannan hanya har Oaxaca. Garuruwan uku sun ƙunshi sana'o'i uku da ba su yi kama da juna ba, wato fentin tayil, da saƙa, da aikin allura, kuma mako biyu zuwa uku sun isa idan aka ba Oaxaca kaso mafi girma.

Damina a wannan yanki tana kamawa daga wajen Yuni zuwa Oktoba, rani kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma da rani aka fi samun saukin shiga ƙauyuka da hasken da ya dace da duba launi. Akwai lokuta biyu na biki da suke jawo jama'a: Guelaguetza a Oaxaca cikin rabin ƙarshe na watan Yuli, inda al'ummomin jihar suke fitowa da tufafinsu na gargajiya, da kuma bikin tunawa da matattu a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Wanda yake son ganin tufafin yankuna daban-daban a jikin masu su, Guelaguetza ta fi masa amfani. Wanda kuma yake son ya zauna da masaƙi ya yi tambayoyi a natse, gara ya kauce wa lokutan biyu, domin masauki yana tsada, masu sana'a kuma hankalinsu yana kan ciniki.

Mataki na biyu: takardu, jirgi da abinci

Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma mai fasfo na Najeriya yana buƙatar biza, sai dai ƙasar tana ɗauke wannan sharaɗi ga wanda yake riƙe da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Turai na yankin Schengen. A tabbatar da wannan a ofishin jakadancin kafin a sayi tikiti, domin ƙa'idojin shiga ƙasa suna canzawa. Babu jirgi kai tsaye daga Afirka ta Yamma, sai an bi ta Istanbul, Paris, Amsterdam ko makamantansu, kuma a kiyaye da tikitin da ya ratsa ta Amurka, domin ko canjin jirgi kawai za a yi a can sai da bizarsu. Birnin Meziko yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,240, saboda haka a bar ranar farko ta zama ta hutawa.

Musulmi ya sani cewa kitsen alade, wanda suke kira manteca, yana shiga dafaffen wake da tamales, wato ƙullin masara da ake turarawa a cikin ganye, kuma a Oaxaca ana shafa wani nau'insa mai suna asiento a kan faifan masarar da suke kira tlayuda. A riƙe jimlar "sin puerco, sin manteca", wato ban da naman alade, ban da kitsensa, a faɗe ta kafin a fara haɗa abincin. Abin sha kuwa ba zai zama baƙo ba, domin agua de jamaica da ake sayarwa a kowace kasuwa zoɓo ne, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a arewacin Najeriya.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba a buƙatar kaya masu yawa: littafin zane mai takarda mai kauri, littafi mai gida-gida irin na lissafi, takarda mai shara-shara, fensir, rula, ƙaramin akwatin fentin ruwa, da waya mai kyamara mai kyau. Littafin mai gida-gida shi ne mafi muhimmanci, domin da shi za a ƙirga zanen saƙa da na dutse. A riƙe tsabar kuɗi na peso, saboda a ƙauyuka ba ko'ina ake karɓar kati ba.

Mataki na huɗu: a fara horar da ido a Birnin Meziko

Kafin a shiga ƙauye ya kamata mutum ya iya bambanta aikin wannan al'umma da na waccan. Gidan tarihin al'adu na ƙasa da ke Chapultepec, wanda aka buɗe a 1964, yana da kayan zamanin da a ƙasa, a bene kuma akwai sashen al'ummomin da suke raye yau, inda tufafi da kayan saƙa suke. Gidan kayan fasahar gargajiya, Museo de Arte Popular, wanda aka buɗe a 2006, ya tara aikin jihohi daban-daban a gini ɗaya. Yawancin gidajen tarihi suna rufe ranar Litinin.

Akwai wani darasi na launi da ya kamata a ɗauka a birnin, a gidan maginin nan Luis Barragán da ke Tacubaya, wanda ya gina a 1948, kuma sai an yi rajista tun da wuri ake shiga. Barragán yana amfani da ruwan hoda da rawaya masu ƙarfi, amma bango guda yake ba su, ya bar sauran fari ko launin dutse da katako. A rubuta wannan a shafin farko na littafin zane: launi mai ƙarfi yana buƙatar fili mai natsuwa a gefensa. Za a sake ganin wannan ƙa'ida a kowane gari da ke gaba.

Mataki na biyar: Puebla da ƙa'idar tayil

An kafa Puebla a 1531, kuma a cikin ƙarni na 16 masu ginin tukwane daga Sifaniya suka kawo mata sana'ar da ake kira Talavera. Asalin dabarar ya wuce Sifaniya. Rufe yumɓu da farin shafi mai haɗin kuza, sannan a yi fenti a kansa, abu ne da ya bunƙasa a Iraƙi tun ƙarni na 9, ya bi ƙasashen Musulmi har Andalus. Daga baya jiragen ruwan da suke zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco, daga 1565 zuwa 1815, suka kawo tangaran ɗin Sin mai fari da shuɗi, masu sana'ar Puebla suka ɗauki wani abu daga gare shi. A 1653 ƙungiyarsu ta kafa dokokin aiki, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya tare da ta garuruwa biyu na Sifaniya. Wannan tarihi yana da amfani ga mai zane, domin yana nuna masa cewa aro ya halatta idan mai aron ya narkar da abin ya zama nasa.

A ziyarci gidan aiki na gaske, kamar Uriarte da aka kafa a 1824, a bi aikin daga farko. Ana gasa yumɓun sau biyu, na farko kafin a tsoma shi cikin farin shafin, na biyu bayan an yi fenti, da wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000. Launuka shida kawai aka yarda da su: shuɗi, rawaya, baƙi, kore, ruwan lemo da wani shunayya mai haske. A kula da yadda suke mayar da zane kan tayil: suna huda layukan zanen a takarda da allura, su ɗora ta, su buga garin gawayi ta cikin hudojin, sai ɗigo-ɗigo ya fito wanda mai fenti zai bi. Wannan dabara tana aiki a kan yadi da bango, kuma ba ta buƙatar wata na'ura. A shafa yatsa a kan shuɗin, za a ji ya ɗan taso, farin kuma yana da ɗan duhun hauren giwa.

Daga nan a fita titi da littafi mai gida-gida, domin abin da ake nema yana jikin gine-gine. Tayil ɗaya sau da yawa kwata ne na zane, sai an haɗa huɗu, kowanne an juya shi, fure ko tauraro yake cika a tsakiya. Idan aka ci gaba da jerawa, kusurwoyin da suka rage suna haɗuwa su haifar da zane na biyu wanda babu wanda ya zana shi a tayil guda. A tsaya a gaban bango a nemo inda tayil ɗaya ya fara da inda ya ƙare, a zana shi shi kaɗai, sannan a zana huɗu, sannan goma sha shida. Akwai kuma tayil mafi sauƙi, wanda aka raba daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi fari rabi shuɗi. Daga wannan tayil guda ana samun zane mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto, da mai siffar lu'ulu'u, da mai juyawa kamar fanka, gwargwadon yadda aka jera shi. A yanka takardu goma sha shida masu wannan rabi a masauki a yi ta juya su. Ban san wani atisaye da yake koyar da maimaita zane da sauri kamar wannan ba.

Kada a bar Puebla ba a ga fuskar cocin San Francisco Acatepec da ke kusa da Cholula ba, da kuma tsohon ɗakin girki na Santa Rosa da aka lulluɓe da tayil. A gidajen cikin gari a lura da yadda ake saka tayil jefi-jefi a tsakanin jan bulo, wanda shi ne filin natsuwar da aka ambata a baya.

Mataki na shida: Oaxaca, inda dutse da ulu suke magana ɗaya

A fara da gidan tarihin tufafi na Oaxaca, wanda aka buɗe a 2008, sannan a ware rana guda a tafi gabas. Mitla, mai nisan kusan kilomita 45 daga birnin, tsohon gari ne na mutanen Zapotec, kuma bangayensa an yi musu ado da ƙananan duwatsu da aka sassaƙa aka jera ba tare da laka ko siminti ba. Ana ƙirga nau'o'in zane 14 a wurin, kuma ginshiƙinsu shi ne matakala da ke ƙarewa da ƙugiya mai murɗawa. A zauna a ƙirga: matakala nawa kafin ƙugiya, faɗin kowace matakala gida nawa, ina zanen ya juya ya fuskanci ɗan'uwansa. Hoto ba ya koyar da wannan, sai hannu ya cika gidajen takarda ɗaya bayan ɗaya. A lura kuma cewa filin da ke tsakanin duwatsun yana da siffa iri ɗaya da dutsen, ya zamana babu wurin da za a kira baya, ko'ina zane ne.

A hanyar dawowa a shiga Teotitlán del Valle, garin masaƙan darduma. Tumaki da masaƙar da ake takawa da ƙafa sun zo ne da Sifaniyawa a ƙarni na 16, amma zanen Mitla ne masaƙan suke yawan sakawa a ulu. A nan ake fahimtar dalilin da ya sa layukansu suke da matakala: zaren tsaye da zaren kwance suna haɗuwa ne a miƙe, duk layin da ya karkata dole ya hau mataki-mataki. Wanda ya kwaikwayi wannan zane a kwamfuta ya goge matakalar don layin ya yi santsi, ya cire abin da ya ba shi ƙarfi.

Batun rini shi ne inda ya kamata a daɗe. Jan da suke alfahari da shi yana fitowa daga wani ƙaramin ƙwaro mai suna cochinilla da ke rayuwa a jikin nopal, tsiro mai faffaɗan ganye mai kauri da ƙaya. Ana busar da ƙwarin a niƙa, kuma sai an tara kusan 70,000 ake samun nauyin da bai kai rabin kilo ba. A zamanin mulkin Sifaniya, bayan azurfa babu abin da ake fitarwa daga ƙasar mai darajarsa. Masaƙi zai murje ƙwaro a tafin hannun baƙo ya fito ja mai duhu, ya ɗiga ruwan lemon tsami ya koma ruwan lemo mai haske, ya barbaɗa hodar baking soda ya juye shunayya. Ana fara dafa ulun da alif domin launin ya kama. Rawaya tana fitowa daga furen pericón da na cempasúchil da ɓawon rumman, ruwan ƙasa daga ɓawon gyaɗar bishiya, baƙi kuma daga kwanson huizache. Shuɗinsu daga añil ne, ɗan'uwan babar da ake rini da ita a Ƙofar Mata, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marina zai gane lokacin da zare ya fito kore daga ruwa, iska ta mayar da shi shuɗi. Kore ba shi da tukunyarsa, sai an rina rawaya a sake tsomawa a shuɗi.

Abin da mai zane zai ɗauka a nan shi ne dalilin da ya sa launuka masu yawa suke zama lafiya a darduma ɗaya: 'yan gida ɗaya ne. Ja, ruwan hoda, ruwan lemo da shunayya duk daga ƙwaro ɗaya suka fito, kuma idan aka rina ulu mai ruwan toka maimakon fari, launin yana fitowa da duhu mai taushi. A roƙi izini a sayi guntayen zare na kowane launi, a manna su a littafi, a rubuta abin da aka rina kowanne da shi. Kyamarar waya tana ƙara wa ja da ruwan hoda ƙarfi, saboda haka zaren da ke hannu ya fi hoto gaskiya.

Idan akwai sauran kwanaki, kasuwar Tlacolula tana ci ranar Lahadi, ta Ocotlán ranar Juma'a. A hanyar Ocotlán akwai San Bartolo Coyotepec mai baƙaƙen tukwane da ake gogewa da dutse har su yi ƙyalli, da San Martín Tilcajete inda ake sassaƙa dabbobin almara da ake kira alebrije daga itacen copal a cika jikinsu da ƙananan zane, da San Antonino Castillo Velasco mai surfanin ƙananan furanni. Ko wanda ba ya zana masu rai zai amfana da duba yadda masu fentin Tilcajete suke raba jiki gida-gida, kowane gida da nasa ƙaramin zane.

Mataki na bakwai: ayyuka biyu da za a gani ko ba a je garuruwansu ba

Surfanin Tenango de Doria, na mutanen Otomí a jihar Hidalgo, ya samu siffarsa ta yanzu ne a shekarun 1960, lokacin da fari ya sa mata suka nemi abin sayarwa. Ana zana dabbobi da tsirrai a kan farin yadin auduga, a cika su da ɗinki mai gicciye wanda kusan duk zaren yana zama a fuskar yadin. Ƙa'idarsa ita ce siffofi shimfiɗaɗɗu marasa inuwa, masu lanƙwasa su shiga gurbin juna, tazarar farin da ke tsakaninsu kuma kusan ɗaya ce ko'ina. Sai kuma papel picado, takardar ado mai huda-huda da San Salvador Huixcolotla ta jihar Puebla ta shahara da ita, inda ake tara takardu kusan hamsin a sare su lokaci guda da ƙananan ƙarafa masu kaifi da guduma. Darasinsa shi ne kowane sashe na zane dole ya riƙe ɗan'uwansa, in ba haka ba ya faɗo. Duk mai son yanka zane a roba ko kwali don buga fenti ta ciki, wannan ce ƙa'idarsa.

Mataki na takwas: saye, hoto da haƙƙin masu aiki

A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko aikin da ke kan masaƙa, kuma a sayi wani abu a gidan da aka ɓata wa lokaci. Ciniki mai tsanani bai dace da wanda ya yi watanni a kan mayafi ɗaya ba. A rubuta sunan garin da na mai aikin a kan duk abin da aka saya. Fitar da kayan tarihi na kafin zuwan Sifaniyawa daga ƙasar laifi ne a doka.

Batun kwafi kuwa ya wuce ladabi. A 2015 mutanen Mixe na Santa María Tlahuitoltepec sun fito sun yi ƙorafi a kan wata riga mai kama da tasu ta Isabel Marant, mai zanen tufafi 'yar Faransa, kuma a 2019 ministar al'adu Alejandra Frausto ta rubuta wa kamfanin tufafi na Carolina Herrera takarda a kan amfani da zanen Tenango da na Tehuantepec da na bargon Saltillo. A Janairun 2022 ƙasar ta fitar da dokar da ta ce sai da yardar al'umma ake amfani da gadon al'adunta don kasuwanci. Zanen mutanen Wixárika da ake yi da duwatsun ado da zare yana ɗauke da alamomin ibadarsu, kuma ra'ayina shi ne a kalle shi a bar shi inda yake. Wanda yake son sayar da ainihin Tenango, hanya a buɗe take: ya saya daga masu shi, ya sayar da sunansu.

Mataki na tara: a gida, daga littafi zuwa zane

A ajiye hotuna gefe, a buɗe littafin zane kawai. A zaɓi ƙa'ida ɗaya daga cikin waɗanda aka koyo, kada a haɗa tayil ɗin Puebla da matakalar Mitla da dabbobin Tenango a yadi guda. Sannan a nemo siffar da za a zuba cikin ƙa'idar daga abin da mutum ya sani da idonsa. Bari mu ɗauki zoɓo, tunda tsiro ne da ƙasashen biyu suka sani, mu gina shi a kan ƙa'idar tayil huɗu.

A samo ɗanyen zoɓo da ganyen yakuwa a zana su sau da yawa, kowane karo ana rage bayani, har a kai ga siffar da za a iya yankawa da almakashi. A zana murabba'i mai santimita 10, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa. A kusurwa ɗaya a sa kwatan fure, a kusurwar da ke fuskantarta a sa kwatan wata ƙaramar siffa, kamar tauraro ko ƙwayar iri, a haɗa su da ganye ɗaya da ke bin layin. Duk abin da aka zana a gefe ɗaya na layin a maimaita shi a ɗaya gefen ta hanyar ninke takarda mai shara-shara. Inda reshe ya taɓa bakin murabba'in a auna da rula, ya zama nisansa daga kusurwa ɗaya ne a ɓangarorin da za su haɗu, domin a nan ne zane yake karyewa idan aka yi sakaci. A kwafi huɗu a juya su, sannan goma sha shida, a manna a bango a ja da baya taku biyar. Idan wani wuri ya yi duhu da cunkoso, ko wani layi fari ya ratsa zanen ba da niyya ba, a koma kan tayil ɗin farko a gyara.

Wanda ya fi son zane mai yawo irin na Tenango, da tsirrai da siffofin kansa, akwai tsohuwar dabarar takarda. A zana siffofi a tsakiyar takarda ba tare da sun taɓa baki ba. A yanka ta biyu daga sama zuwa ƙasa, a sauya wa ɓangarorin wuri, na dama ya koma hagu, a manne ta baya da salatif. A sake yankawa a kwance, na sama ya koma ƙasa, a manne. Yanzu tsofaffin siffofin sun koma kusurwoyi, tsakiya ta zama fili, sai a cika ta da sababbi, ana kiyaye tazarar farin ta zama ɗaya. Duk yadda aka jera wannan takarda, bakinta zai haɗu da na 'yar'uwarta.

Sai launi. A koma kan guntayen zaren Teotitlán a zaɓi gida ɗaya, misali jan zoɓo mai duhu, ruwan hoda da shunayya, a ƙara launi ɗaya daga wani gida, kamar shuɗin baba ko kore, sannan a zaɓi fili, fari mai ɗan duhu ko baƙi. Launuka huɗu ko biyar sun isa. A ba ɗaya mafi yawan wuri, a bar mafi ƙarfinsu ya zama kaɗan, a tsakiyar fure ko a bakin ganye. Idan launuka biyu masu ƙarfi suka haɗu suna sa ido rawa, a raba su da siririn layin fari ko baƙi. A ɗauki hoton zanen a mayar da shi baƙi da fari a waya; idan siffofin suka narke cikin juna, to hasken launukan ɗaya ne, sai a ƙara wa wani duhu.

Mataki na goma: kwamfuta da gwaji

A ɗauki zanen da na'urar sikana a kan ma'aunin ɗigo 300, a tsaftace shi. Manhajar Inkscape kyauta ce kuma tana mayar da layi ya zama wanda za a faɗaɗa ba tare da ya dushe ba, Krita kuma tana da yanayin da ke nuna zane yana maimaituwa yayin da ake gyara shi. A bar ɗan rawar hannu a layukan, domin a tayil ɗin Puebla babu fure biyu da suka zama ɗaya sak. Idan bugun sikirin za a yi irin na masu buga riguna, kowane launi da allonsa, saboda haka a raba launukan tun a kwamfuta, a sani kuma cewa kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Ruwan hoda mai ƙarfi da ake gani a fuskar kwamfuta yakan fito a dushe a injin buga takarda, saboda haka a tafi wurin mai bugu da guntun zaren a hannu, a nuna masa abin da ake nufi.

Kafin a buga da yawa, a buga yadi ɗaya kawai a kan irin ƙyallen da za a yi aikin da shi. A duba girman zanen a jikin mutum ko a kan kujera, domin furen da ya yi kyau a santimita 10 a kan matashi yana iya buƙatar ninki biyu a labule. A yanki gefe a wanke da sabulu, a shanya wani gefen a rana na wasu kwanaki, a gwada su da wanda ba a taɓa ba. Idan ja ya zuba cikin fari ko shuɗi ya koɗe, a canza tawada ko ƙyalle kafin a ba da odar sauran. A takardar da za a liƙa wa kayan a rubuta cewa zanen na mai shi ne, an gina shi a kan tsarin tayil na Puebla, kada a kira shi Talavera ko Tenango, domin sunan Talavera doka ta keɓe shi ga gidajen aiki na wasu yankunan Puebla da Tlaxcala, Tenango kuma sunan garin masu shi ne.